Me ya sa ƙasashen da ba sa ga maciji suke musayar awon yanayi?

Ɗalibar Jogarafi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta tsaya mini a rai, kuma na san ba a rasa tsofaffin ma'aikatan yanayi a cikinku. A wani darasi an gaya mana cewa ko a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke auna juna da makamai masu linzami, ba su daina aika wa juna awon zafi da iska da ruwan sama ba. Wai har yau kusan kowace ƙasa tana zuba nata awon a rumbu ɗaya, kyauta, kowa ya ɗiba.

Daɗin labarin ne ya yi yawa har na fara zarginsa. Ƙasashen da ko gaisuwa ba ta haɗa su, me zai sa su yi wa juna irin wannan karamci?

Ta biyu ta fi damuna. Idan matalauciyar ƙasa ta ba da awonta kyauta, masu manyan kwamfutoci suka sarrafa shi, kamfanoninsu suka sayar da hasashe, wa ya ci riba? Ba tsohon salon nan ba ne na kwashe ɗanyen kaya a dawo da shi sarrafaffe da tsada? Sannan haka abin yake a kan koguna, ko na sama kaɗai ake rabawa?

Baba Mai Ma'auni ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiya aka gaya muku, sai dai ba karamci ne ya kawo shi ba, tilas ce.

Iskar da za ta zubo wa wata ƙasa ruwa ranar Juma'a, yau Litinin tana can a kan wata ƙasar daban ko a tsakiyar teku. In hasashen gobe kike so, awonki da na maƙwabta zai iya isar ki. Da zarar kin ce kwana huɗu ko biyar, dole ki san halin da sararin duniya yake ciki gaba ɗayansa, daga kan tudun ƙanƙara na kudu har na arewa. Kwamfutar da ke hasashe ba duba take yi ba. Ana ba ta yadda iska take a yanzu a ko'ina, sai ta lissafa inda za ta nufa. In aka bar mata wani yanki fayau babu awo, kamar a ba tela awon hannu ɗaya ne a ce ya ɗinka riga. Zai ɗinka, amma kin san sauran. Shi ya sa ƙasar da ta fi kowa kuɗi take jiran rahoton wani tsibiri da mutanensa ba su kai cika filin ƙwallo ba.

Ni aikin da na yi har na ajiye shi ne ɗaukar awo a wata tasha da ke gefen filin jirgin sama. Ba ni ke hasashe ba, ni mai kawo kayan aiki ne. Bari in nuna miki yadda yake, don a nan ne za ki ga haɗin kan da idonki, ba a ɗakin taro ba.

Akwai wani farin akwatin katako mai tagogi kamar haƙarƙari, a kafe a kan ƙafafu, tsayinsa daga ƙasa tsakanin mita 1.25 zuwa 2, a ciki ma'aunan zafi suke. Ma'aunin gudun iska yana kan sanda mai tsawon mita 10. Ba ni na zaɓi waɗannan tsayin ba, ba kuma shugabana ba. Haka suke a Siberiya, haka suke a Ajantina. Agogonmu ma ba na bango ba ne, agogon GMT ne: manyan lokutan awo su ne 12 na dare, 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, da wasu a tsakaninsu kowane awa uku. Sai in ɗaga kai in raba sama kashi takwas a zuciyata, in ce gajimare ya rufe kashi nawa. Sannan in mayar da komai lambobi, biyar-biyar. In na rubuta 10325, duk mai wannan sana'a a duniya ya san zafi digiri 32.5 ne. In na rubuta 82705, ya san sama a rufe take ruf, iska daga yamma take busowa, ga kuma gudunta. Ba ya buƙatar jin harshena, ni ma ba na buƙatar nasa. Cikin ɗan lokaci saƙon ya bi layin sadarwar da hukumomin yanayi suka shimfiɗa a tsakaninsu, ya isa Mosko da Washinton da Tokiyo.

Wanda na fi so shi ne sakin balan-balan. Ana cika shi da iskar haidirojin a wani ɗaki da ko ashana ba a yarda ta kusance shi ba, a ɗaura masa 'yar na'ura a dogon zare, a sake shi kafin 12 ɗin ta cika. Yana hawa da gudun kusan mita 5 a daƙiƙa, yana aiko da zafi da laima da nauyin iska, yana kumbura yana kumbura, har ya fashe a wajen kilomita 30 a sama. A daidai wannan lokacin ɗaruruwan mutane a ɗaruruwan tashoshi suna sakin nasu, wani cikin dusar ƙanƙara, wani cikin ƙura, wani a ƙasar da ke yaƙi da ta ɗan'uwansa.

Abin ya girmi Majalisar Ɗinkin Duniya nesa ba kusa ba. Masu jiragen ruwa ne suka fara, don su ne hadari ke kashewa. A 1853 wani jami'in sojan ruwan Amurka, Matthew Maury, ya sa aka yi taro a Brussels aka yarda jiragen ƙasashe su riƙa rubuta awonsu iri ɗaya. A 1873 aka yi babban taro a Vienna wanda ya haifi ƙungiyar masana yanayi ta ƙasa da ƙasa. Ita ce ta rikiɗe ta zama Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, ranar 23 ga Maris 1950, mai hedikwata a Jeniba, yau tana da mambobi 193. Zancen Yaƙin Cacar Baka kuwa, bayan Amurka ta harba tauraron ɗan adam na yanayi TIROS-1 a 1960, Ba'amurke Harry Wexler da Barashe Viktor Bugaev suka zauna suka zana tsarin sa ido kan yanayin duniya, aka amince da shi a 1963. Manyan cibiyoyinsa uku na farko: Washinton, Mosko da Melbon ta Ostareliya. Ki duba shekarar da kyau, watanni kaɗan ne bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba.

Kada dai ki ɗauka ba ya tsinkewa. In yaƙi ya yi yaƙi, awon yanayi sirrin soja yake komawa. A Yaƙin Duniya na Biyu kowane ɓangare ya ɓoye nasa. Saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa ma ranar 5 ga Yuni 1944 aka shirya, aka ɗaga zuwa 6 ga wata saboda hasashe, kuma cikin awon da aka dogara da shi har da na wata 'yar tasha a Blacksod, can yammacin Ailan, ƙasar da ta ce ba ruwanta da yaƙin. A 2022 ma, da Rasha ta afka wa Yukiren, hukumar taurarin yanayi ta Turai ta dakatar da hulɗa da Rasha.

Tambayarki ta biyu kuwa, kin taɓa inda ke ciwo. An yi wannan rigimar sosai a shekarun 1990, lokacin da wasu hukumomin yanayi na Turai suka shiga sayar da bayanai, Amurka kuma ta tsaya a kan a bar su kyauta. A 1995 aka sasanta da ƙudurin da muke kira na 40: akwai awon da dole kowa ya bayar ba tare da sharaɗi ba, akwai kuma ƙari wanda mai shi zai iya gindaya sharaɗi. A 2021 aka ɗinke dokokin wuri ɗaya aka faɗaɗa su.

Amma in kin tambaye ni, cutar ba a sayarwa take ba. Abin da ƙaramar ƙasa ke karɓa ya fi abin da take bayarwa: hotunan tauraron Meteosat da ke tsaye kusan kilomita 36,000 sama da Afirka da Turai, da hasashen cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, wadda kwamfutocinta ke Bologna. Ƙasashe ƙalilan ne za su iya sayen irin waɗannan. Cutar ita ce an ɗora wa talaka nauyin aikin da amfaninsa na kowa ne. Kowane balan-balan da na'urarsa sau ɗaya ake amfani da su, sun tafi ke nan, kuma da kuɗin waje ake sayo su. Na ga lokacin da injin haɗa haidirojin ɗinmu ya lalace, muka rubuta takarda, muka sake rubutawa, damina ta zo ta wuce ba mu saki ko ɗaya ba. Wanda ke riƙe da kasafi yana da asibitoci da makarantu a gabansa, ba zan ma zage shi ba. WMO da kanta ta ce awon balan-balan da ke fitowa daga Afirka ya ragu da kusan rabi tsakanin 2015 da farkon 2020. Dalilin da ya sa ke nan a 2021 aka kafa asusun SOFF, wanda ke biyan ƙasashe matalauta da ƙananan tsibirai kuɗin tafiyar da tashoshi, ba na gini kaɗai ba, bisa sharaɗin awon ya riƙa fita duniya. A ganina wannan shi ne karon farko da aka kama bakin zaren, don masu ba da tallafi sun daɗe suna kafa na'ura su ɗauki hoto su tafi, ba wanda ya tanadi kuɗin batir.

Na koguna sai masu shi su yi magana.

Injiniyar Ruwa ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka gama da sama, bari in sauko da ita ƙasa. Ƙanwata, a wajenmu labarin bai kai nasu daɗi ba, kuma dalilin a fili yake. Ba wanda zai iya tare gajimare a kan iyaka, amma ana iya tare kogi. Duk ƙasar da ke sama da wata a kan kogi ta san cewa lambar da ta fitar yau ita za a kafa mata hujja da ita gobe a teburin rabon ruwa. Saboda haka awon kogi ba a ɗaukar sa kimiyya zalla, takardar shari'a ce.

Ga shi kuma aikinmu ya fi wuyar daidaitawa. Abin da mai gadin tasha ke karantawa safe da yamma tsayin ruwa ne a jikin wata sanda mai zane-zane da aka kafa a gaɓa. Tsayi kuwa ba shi ne yawan ruwan da ke wucewa ba. Kafin ki mayar da mita 4 zuwa adadin ruwan da ke gudu a daƙiƙa, sai an shiga kwalekwale da na'urar auna gudu, an bi faɗin kogin taki-taki, a lokacin rani da lokacin cikowa, an fitar da jadawali na wannan wurin kaɗai. Ambaliya ɗaya ta kwashe yashin ƙasan kogin ko ta jibge wani, jadawalin ya tashi aiki. Don haka maƙwabciya za ta iya ba ki tsayin ruwa da fara'a, ta riƙe jadawalin a aljihu, ta ba ki ke nan kuma ba ta ba ki ba.

WMO ta yi ƙudurin musayar bayanan ruwa a 1999, shekara huɗu bayan na su Baba, akwai kuma rumbun awon kogunan duniya a Koblenz ta Jamus. In kika shiga za ki tarar da tashoshi da yawa da layinsu ya tsaya tun shekarun 1980 ko 1990. Wasu sun mutu ne, wasu suna nan da ransu, aikowa aka daina.

Misalai ba sa ƙarewa. Sin ta saba ba Indiya awon kogin Brahmaputra a lokacin damina, amma a 2017, shekarar da sojojinsu suka yi cirko-cirko a Doklam, wani yankin kan iyaka da ake taƙaddama a kansa, awon bai zo ba. Yarjejeniyar kogin Indus da Indiya da Pakistan suka sa wa hannu a 1960, wadda ta tsallake yaƙe-yaƙensu, Indiya ta jingine ta a Afrilun 2025. A kan kogin Mekong, ƙasashe huɗu na ƙasan kogin sun kafa hukumarsu a 1995, amma sai a 2020 Sin ta yarda ta riƙa ba su awon shekara cur, ba na damina kaɗai ba. Rigimar Habasha da Masar da Sudan a kan babbar madatsar Nilu kuwa, kaso mai yawa na ta a kan wa zai san nawa aka tara, nawa za a saki, kuma yaushe.

Inda na ga abin ya zauna shi ne inda aka haɗa dukiya, ba bayani kaɗai ba. Hukumar kogin Senegal da Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa a 1972, Gini ta shigo daga baya, madatsun Manantali da Diama mallakarsu ne tare. Wanda kuka haɗa madatsa da shi ba shi da abin da zai ɓoye maka a kanta.

Taurarin ɗan adam sun fara rage wa masu ɓoyo ƙarfi. GRACE, na Amurka da Jamus, daga 2002 zuwa 2017 ya riƙa gano raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar canjin nauyin wuri, shi ya fallasa yadda ake zuƙe na arewacin Indiya. SWOT, na Amurka da Faransa, da aka harba a Disambar 2022, tsayin koguna da tafkuna yake aunawa daga sama. Duk da haka mai gargaɗin ambaliya yana buƙatar lambar daren jiya, ba ta makon jiya ba, kuma wannan har yanzu a hannun mai sandar gaɓa take.

Mai Ja-in-ja ya amsa:

Baba, da girmamawa, ni fa ban ga abin tafi ba. An iya aunawa tare, na yarda. Sai me? Tun 1958 ake auna iskar kabon a dutsen Mauna Loa na Hawai. Lokacin tana wajen 315 cikin miliyan, yau ta haura 420. WMO da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun kafa kwamitin IPCC na masana sauyin yanayi a 1988, ya fitar da manyan rahotanni zagaye shida, har lambar Nobel ya samu a 2007, layin awon kabon ɗin na shekara-shekara bai taɓa lanƙwasowa ƙasa ba. Taƙaitaccen rahoton da shugabanni ke karantawa ma sai wakilan gwamnatoci sun bi shi layi-layi sun amince, ciki har da masu sayar da mai da kwal. Akwai na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke nutsewa mita 2,000 a teku suna tasowa duk kwana goma, suna gaya mana teku na ɗumama. Mun ji. An taru an auna zazzaɓin, an watse ba a sayi magani ba.

Abu ɗaya da zan cire shi ne ramin ozon, wato ɓular da ta samu rufin iskar da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa: an gano shi a 1985, aka sa hannu a kan yarjejeniyar rage sinadaran da ke jawo shi a Montreal a 1987, yana kuma warkewa. Amma wancan sinadaran firji da na feshi ne, ba man da duniya ke tafiya a kansa ba.

Baba Mai Ma'auni ya sake amsawa:

Ɗana, ba zan yi maka musu a kan kabon ba, gaskiyarka ce. Sai dai ka haɗa abu biyu. Wanda ya auna ba shi ne mai sa hannu a kan doka ba, kuma ba don awon ba da yau ana nan ana gardamar ko duniyar na ɗumama ma.

Ka ce sai me. A Nuwamban 1970 mahaukaciyar guguwar Bhola ta faɗa wa yankin da yau ake kira Bangladesh, ta kashe mutum aƙalla 300,000. Bayanta ne aka kafa shirin guguwa na WMO, aka raba tekunan duniya ga cibiyoyi: Mayami, Tokiyo, New Delhi, Honolulu, tsibirin Reunion, da Nadi ta Fiji. Ta New Delhi ita ke fitar da sanarwa ga duk ƙasashen arewacin tekun Indiya, Pakistan na ciki, kuma jerin sunayen guguwar tare suke tsara shi. A Mayun 2020 da Amphan ta taso, ana tsakiyar annobar korona, Bangladesh ta kwashe mutum sama da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba. Ba hasashe kaɗai ya yi wannan ba, akwai gine-ginen mafaka da dubban 'yan sa kai masu yawo da lasifika. Amma mai lasifika sai an gaya masa ranar da zai fito.

Malama Injiniya, zancen jadawalin nan da ake riƙewa a aljihu ya ba ni dariya, don mu ba mu da irin wannan mafakar. Digiri 32 digiri 32 ne.

Ɗalibar Jogarafi ta sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Anti Injiniya, Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Ja-in-ja, ina tare da kai rabi. Baba, akwai inda mutum zai gani da idonsa wace tasha ke aikowa, wace ce ta yi shiru? Ina so in sa shi a aikin da zan miƙa.

Baba Mai Ma'auni ya amsa:

Akwai, 'yata. WMO tana da taswira a intanet, a buɗe ga kowa, ki nemi WDQMS. Kowace tasha ɗigo ce: kore tana aikowa yadda ya kamata, ja tana tangal-tangal, baƙi ba a ji ɗuriyarta ba. Kada ki tsaya a kan tashoshin ƙasa, ki juya zuwa na balan-balan, ki kwatanta Turai da tsakiyar Afirka da tsibiran Pasifik. Ki duba kwanaki da yawa, don rana ɗaya tana iya yaudara.

In kin zo rubutawa, kada ki ce duk baƙin ɗigo tasha ce da ta mutu. Sau da yawa ma'aikacin yana nan, yana fita a kan lokaci, yana cika littafinsa da biro, layin aikawa ne ya yanke ko lambar tashar aka shigar ba daidai ba a rajista. Ki raba su gida biyu a aikinki, waɗanda ba sa aunawa da waɗanda awonsu ba ya fita, don kuɗin gyaran na biyun bai kai na farkon ba.